Jagorar Zaɓen Babban Koci a Ƙwallon Jami'o'in Amurka

Ranar Laraba, 10 ga Janairu 2024, babban koci Nick Saban ya tara 'yan wasansa a Jami'ar Alabama ya shaida musu cewa ya ajiye aiki, bayan kaka 17 da kofin ƙasa shida. Daraktan wasannin jami'ar, Greg Byrne, ya roƙi yaran su ba shi awa 72 kafin kowa ya yanke shawarar sauya makaranta. Ranar Juma'a, tun wa'adin bai cika ba, aka sanar da Kalen DeBoer na Jami'ar Washington a matsayin magaji. Aiki irin wannan ba ya ƙarewa a kwana biyu sai a hannun wanda ya daɗe da sanin abin da yake nema, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasan da nake magana a kai shi ne ƙwallon Amurka, wanda ake sa hular kwano da sulke, a rungumi ƙwallo a ruga ko a jefa. A can, wasan jami'o'i babbar harka ce. Filin Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 107,000, kuma a jihohi da yawa babu ma'aikacin gwamnati da ya kai kocin jami'ar jihar albashi. Jami'o'i sama da 130 ne a babban rukuni, kuma duk ƙarshen kaka sai an sallami wasu kociyoyi an shiga neman wasu. Wannan jagora na rubuta ta kamar kai ne daraktan wasanni da nauyin zaɓen ya hau kansa.

Mataki na farko: san gidanka kafin ka leƙa na wasu

Kafin ka kira kowa a waya, ka zauna ka rubuta gaskiyar halin da jami'arka take ciki. Nawa za ka iya biyan koci, nawa za ka ware wa mataimakansa, nawa za ka iya ba 'yan wasa? A wace gasa kake, kuma su wa za ka riƙa karawa da su duk shekara? Jiharka tana fitar da ƙwararrun yara daga sakandare kamar Texas da Florida da Georgia da Louisiana, ko sai an yi tafiya mai nisa a nemo su? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Idan tsohon kocin ya faɗi ne saboda ƙarancin kuɗi da lalacewar wurin atisaye, sabon ma nan zai faɗi komai ƙwarewarsa.

Daga nan ka ayyana me ake kira nasara a wurinku. A Alabama, kakar da ba a shiga gasar neman kofin ƙasa ba ana ganinta asara. A Kansas kuwa, wadda ba ta ci wasa ko ɗaya ba a kakar 2020, cin wasa shida ma abin biki ne. Ka rubuta wannan a shafi guda, shugaban jami'a ya gani ya amince. Duk sunan da aka kawo maka daga baya, da wannan shafin za ka auna shi.

Mataki na biyu: a san wa ke da wuƙa da nama

Mutum biyu ko uku sun isa: kai, shugaban jami'a, wataƙila da mutum ɗaya daga majalisar amintattu. Attajiran tsofaffin ɗalibai masu ba da gudummawa za su so a ji ta bakinsu, kuma ya kamata a saurare su tun da wuri, amma kada a ba su kujera a ɗakin yanke hukunci. Akwai kamfanonin da ake biya su yi maka tuntuɓa a ɓoye da binciken takardu. Suna da amfani, sai dai ba su ne za su zauna da kocin shekara biyar ba.

Abin da ya faru a Tennessee a 2017 ya isa darasi. Ranar Lahadi, 26 ga Nuwamba, labari ya fita cewa an daidaita da Greg Schiano. Kafin dare magoya baya da wasu 'yan majalisar jihar sun yi ca, aka janye maganar. Aka shiga bin kociyoyi ɗaya bayan ɗaya a idon duniya, har aka cire daraktan wasannin, John Currie, tun neman bai ƙare ba. Daga ƙarshe aka ɗauki Jeremy Pruitt, wanda bai taɓa riƙe ƙungiyar jami'a a matsayin babban koci ba. Da an auna zuciyar jama'a kafin a sa hannu, da an rufe bakin masu fitar da labari, da ba a kai ga haka ba. Kuma ka sani, magoya baya a can har lambar jirgin saman jami'a suke bi a intanet don su ga garin da ya sauka.

A jihar Oregon doka ta wajabta wa jami'o'in gwamnati su gana da aƙalla ɗan takara ɗaya daga tsirarun ƙabilu kafin su ɗauki babban koci. Ko jiharka ba ta da wannan doka, ka faɗaɗa jerin sunayenka da gaske. Kusan rabin 'yan wasan babban rukuni baƙaƙen fata ne, amma manyan kociyoyi baƙaƙe 'yan kaɗan ne, kuma wannan na nuna cewa akwai ƙwararrun da ba a kallon inda suke.

Mataki na uku: karanta tarihin nasararsa da idon basira

A nan ne mafi yawan kuskure yake, kuma a nan nake so ka fi daɗewa. Kowa zai iya ƙirga wasannin da mutum ya ci. Abin da ke gabanka shi ne ka gano nasarar ta wace ce: ta kocin, ta makarantar da ya tarar a gine, ta wani mataimaki mai basira, ko ta wani yaro guda da Allah ya hore wa baiwa?

Gene Chizik ya ci wasa 5 ya faɗi 19 a Iowa State, sannan Auburn ta ɗauke shi. A kakar 2010 ya ci kofin ƙasa, da Cam Newton a matsayin kwatabak, wato mai jefa ƙwallo da ke jan ragamar hari, da Gus Malzahn yana tsara harin. Da su biyun suka tafi, a 2012 Auburn ta ci wasa 3 kacal cikin 12, aka sallame shi. Ed Orgeron ma ya ci wasa 15 ba faɗuwa a Jami'ar Jihar Louisiana (LSU) a 2019. Kwatabak ɗinsa Joe Burrow ya wuce gasar ƙwararru, mataimakan kocin Joe Brady da Dave Aranda suka samu wasu ayyuka, kaka biyu bayan nan shi ma aka rabu da shi. Ba ina rage musu daraja ba ne, kofin da suka ci nasu ne. Amma mai ɗaukar aiki dole ya raba tsaki da tsakuwa.

Ni a ganina babu ma'aunin da ya kai wannan: mutumin ya taɓa riƙe gida gaba ɗaya, ya ci nasara a wuri fiye da ɗaya, da kayan aikin da ba su fi na abokan karawarsa ba? Dubi Curt Cignetti. Yana cikin mataimakan Saban na farko a Alabama daga 2007 zuwa 2010. Yana dab da shekara 50 ya bar wannan babbar inuwa, ya karɓi ragin albashi, ya tafi wata ƙaramar jami'a a Pennsylvania mai suna IUP da ke rukuni na biyu, don kawai ya zama mai gida. Daga nan Elon, sannan James Madison, inda ya ci wasa 52 ya faɗi 9. A duk shekarun nan bai taɓa yin kakar da faɗuwa ta fi ci yawa ba. A ƙarshen Nuwamba 2023 Jami'ar Indiana ta ɗauke shi yana da shekara 62. A lokacin babu ƙungiyar babban rukuni da ta kai Indiana yawan faɗuwa a tarihi, kuma wasa 3 ta ci a kakar da ta gabata. A kakarsa ta farko suka ci 11, suka shiga gasar ƙungiyoyi 12 masu neman kofin ƙasa. A ta biyu suka ci wasa 16 ba faɗuwa, suka ɗauki kofin a Janairu 2026.

Ba shi kaɗai ba ne. Lance Leipold ya ci kofin rukuni na uku sau shida a Wisconsin-Whitewater, ya gyara Buffalo, sannan ya kai Kansas ga cin wasa 9 a 2023. Chris Klieman ya zo Kansas State da kofi huɗu daga North Dakota State, ya ci gasar Big 12 a 2022. Shi kansa DeBoer daga Sioux Falls ya faro, inda ya ci 67 ya faɗi 3. Abin da ya haɗa su shi ne sun koyi sana'ar a wurin da koci ke sa ido a kan komai da kansa, daga jadawalin atisaye har motar da za ta kai yara wasa. Wanda ya saba dafa tuwon gida da ɗan hatsi ba zai rikice ba idan an ba shi rumbu.

To, mataimaki fa, wanda bai taɓa zama babban koci ba? Ana dacewa. Kirby Smart ya yi shekara tara a ƙarƙashin Saban a Alabama kafin Georgia ta ɗauke shi a Disamba 2015, kuma ya ci kofin ƙasa a kakar 2021 da 2022. Dabo Swinney riƙon ƙwarya aka ba shi a Clemson a 2008, ya ci kofi biyu daga baya. Sai dai a nan kasadar ta fi yawa, domin tsara tsaron baya daban, jagorancin mutum ɗari biyu daban. Idan za ka bi wannan hanya, ka binciko abin da maigidansa ya taɓa sakar masa ya yi shi kaɗai: ya taɓa ɗaukar ma'aikaci, ya taɓa sallamar wani, ya taɓa tsayawa gaban yara bayan mummunar faɗuwa?

Ka kuma duba abubuwan da jadawalin maki ba ya nunawa. Yaya ƙungiyar take kafin ya zo, yaya ta koma bayan ya tafi? Yaran da ba wanda ya so su a sakandare, nawa ne suka zama gwanaye a hannunsa? Ƙungiyarsa tana yawan yin laifin da alƙalin wasa ke hukuntawa? Tana ƙara kyau a Nuwamba ko tana sanyi? Ka zauna da wanda ya san wasan ku kalli bidiyon wasannin da ya faɗi, don a nan ake ganin ko yara sun ci gaba da yi masa faɗa bayan an yi musu nisa.

Mataki na huɗu: ƙwarya ta bi ƙwarya

Rich Rodriguez gwani ne, ya ɗaga West Virginia da salon harinsa mai sauri wanda ke buƙatar kwatabak mai gudu. Michigan ta ɗauke shi a ƙarshen 2007 alhali yaran da ke ƙasa an tara su ne don wani salo daban. Kwatabak ɗin da ake sa wa rai, Ryan Mallett, ya koma Arkansas. A 2008 suka ci wasa 3, kuma wani ɓangare na tsofaffin 'yan gida bai taɓa karɓarsa ba. Bayan kaka uku da ci 15 da faɗuwa 22 aka rabu. Ka tambayi ɗan takara ƙarara: da yaran da muke da su yau, me za ka yi a watan Satumba?

Amma kada dacewa ta koma son ɗan gida. Scott Frost ɗan Nebraska ne, shi ne kwatabak ɗinsu lokacin da suka ci kofin 1997, kuma ya zo daga Jami'ar Central Florida (UCF) da ci 13 ba faɗuwa a 2017. Babu wanda ya yi gardama ranar da aka ɗauke shi. Ya ci 16 ya faɗi 31. Ɗan gida yana da wuyar tuhuma lokacin ɗauka, yana da wuyar sallama lokacin da abin ya ƙi. Ka yi masa tambayoyin da za ka yi wa baƙo, ba ragi.

Mataki na biyar: ya iya tara yara da riƙe su a wannan zamani?

Aikin ya sauya ƙwarai cikin 'yan shekaru. Tun 1 ga Yuli 2021 ɗan wasa yana da damar samun kuɗi da sunansa da hotonsa. Yanzu yana iya sauya makaranta ba tare da ya zauna shekara guda ba wasa ba. A Yuni 2025 kuma kotu ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye, kimanin dala miliyan 20.5 ga kowace jami'a a shekarar farko, ga duk wasanninta. Don haka koci a yau yana neman yaran sakandare, yana zawarcin na wasu jami'o'i, yana kuma lallashin nasa kada su tafi, duk a lokaci guda. Da Saban ya yi ritaya, Caleb Downs, ɗaya daga cikin fitattun masu tsaron bayan Alabama, Ohio State ya koma.

Ka nemi ɗan takara ya nuna maka a takarda yadda zai raba kuɗin: nawa ga kwatabak, nawa ga ƙartin da ke tare masa gaba, nawa zai ajiye don riƙe waɗanda suka nuna kansu. Ka ji ko zai iya aiki da babban manajan da ke kula da ciniki, muƙamin da jami'o'i da yawa suka ƙirƙiro, har Stanford ta ba tsohon tauraronta Andrew Luck. Cignetti ya taho Indiana da yara 13 daga James Madison, waɗanda suka riga suka san tsarinsa, kuma an san shi da fifita yaron da ya riga ya yi aiki a fili a kan wanda ake yabon tsayinsa da gudunsa.

Duk da kuɗin, tsohuwar hanya ba ta mutu ba. Har yanzu koci yana shiga falon gidan yaro, ya zauna a kujera, uwar tana kallonsa tana auna ko za ta iya damƙa masa ɗanta na shekara 17 ya tafi da shi wata jiha. Ka kira kociyoyin sakandare na yankin da ya yi aiki. Su za su gaya maka ko yana cika alkawari, ko kuwa sai yana da buƙata yake ɗaga waya.

Mataki na shida: bincike irin na ba da aure

A Disamba 2001 Notre Dame ta ɗauki George O'Leary daga Georgia Tech. Bayan kwana biyar ya yi murabus, domin an gano cewa digiri na biyu da ke cikin takardar tarihinsa bai same shi ba, haka wasannin da aka rubuta ya buga a Jami'ar New Hampshire. 'Yan jarida ne suka fara tonowa, abin da kiran waya biyu zai bayyana. Ka tabbatar da kowace takarda, ka duba kotuna, ka tambayi hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ko yana da tabo. Pruitt ɗin nan na Tennessee an sallame shi a Janairu 2021 kan karya dokokin neman 'yan wasa, kuma a 2023 hukumar ta ci tarar jami'ar dala miliyan 8.

Sunayen da ya ba ka na masu shaidarsa, abokansa ne. Ka nemi waɗanda bai ambata ba: sakatariyar ofishinsa ta da, mai kula da kayan wasa, likitan ƙungiya, malamin da ke bin karatun yara, yaron da ya yi shekara huɗu a benci. Tambayar da na fi damuwa da ita ita ce ta lafiya. Idan likita ya ce yaro ba zai buga ba, kocin yana yin shiru ko yana matsa lamba? A 2018 wani ɗan wasan Maryland mai shekara 19 ya faɗi a wurin atisaye saboda zafi, ya rasu bayan mako biyu, kuma kocin ya rasa aikinsa a ƙarshen Oktoba. A Baylor an kori Art Briles a 2016 bayan bincike kan yadda aka riƙa tafiyar da ƙorafe-ƙorafen cin zarafin mata. 'Ya'yan mutane ne za ka sa a hannun wannan mutum, kuma mafi yawansu ba za su taɓa buga wasan ƙwararru ba, digirin ne zai rage musu. Ka duba yawan yaransa da suka kammala karatu.

Mataki na bakwai: ganawa

Yawanci a ɗakin otal kusa da filin jirgi ake yi, ko a gidan ɗan takarar da dare. Zai zo da kundi mai kyau, kowa yana zuwa da shi. Ajiye kundin gefe ka nemi sunaye: wa zai tsara maka hari, wa zai tsara tsaro, wa zai kula da ƙarfin jikin yara, kuma cikinsu wa ya riga ya ce zai biyo ka? Idan wani ya ƙwace maka mai tsara harin bayan shekara guda, wa ke biye? Ka sa ya ba ka labarin kakar da ta fi ba shi wuya, ka saurara ko zai ɗora wa kansa wani abu ko duk laifin na wasu ne. Ka lura da tambayoyin da shi yake yi maka. Wanda ya tambayi kasafin mataimaka da dokar shigar da ɗalibai ya riga ya fara aikin a ransa.

Mataki na takwas: kwantiragi

Texas A&M ta ba Jimbo Fisher kwantiragin shekara 10 a kan dala miliyan 75 a Disamba 2017, ta ƙara masa a 2021. Da ta sallame shi a Nuwamba 2023, sai da ta ɗauki nauyin biyansa sama da dala miliyan 75, ba tare da sharaɗin rage komai ba ko da ya samu wani aiki. Wakilan kociyoyi, irin su Jimmy Sexton, wannan ce sana'arsu kullum, kai kuwa sau ɗaya a shekaru kake yi, don haka ka zo da lauyan da ya san harkar.

Ka tsaya a kan abu huɗu. Kuɗin sallama ya riƙa raguwa duk shekara. Idan ya samu wani aiki, a cire sabon albashinsa daga abin da yake binka. Idan shi ya tafi da kansa, shi ko sabuwar makarantarsa su biya ka. A kuma fayyace laifuffukan da za a kore shi a kansu ba ko sisi. Gara ka rage nasa ka ƙara na mataimaka, kuma kocin kirki da kansa zai nemi haka. Ƙarin albashi ya biyo bayan aiki, kamar yadda Indiana ta yi wa Cignetti bayan ya fara kakar 2024 da cin wasa goma a jere.

Mataki na tara: kwanakin farko

'Yan wasa su fara ji daga bakinka kafin su gani a waya. A ranar farko kocin ya gana da su gaba ɗaya, sannan ɗaya bayan ɗaya, ya kira iyayen yaran sakandaren da suka yi wa tsohon koci alkawari. Kai kuma ka cika abin da ka ɗauka a ɗakin otal, ko gyaran wurin atisaye ne ko kuɗin ma'aikata.

Sannan ka tanadi haƙuri, ka kuma gaya wa shugaban jami'a da masu ba da gudummawa tun yanzu abin da za ku duba a ƙarshen shekara. Saban ya ci 7 ya faɗi 6 a kakarsa ta farko a Alabama, har Louisiana-Monroe ta doke shi a gida. Frank Beamer ya ci wasa 2 kawai a kakarsa ta shida a Virginia Tech, a 1992, aka bar shi, daga nan ya kai su wasan ƙarshen kaka shekara 23 a jere. A watan Disamba na farko ka zauna da shafin nan da ka rubuta a mataki na farko, ka ƙirga yara nawa suka zauna da nawa suka tafi, mataimaka nawa wasu makarantu suka nema, darasi nawa aka faɗi a aji, sannan ka sake kallon wasannin Nuwamba ka gwada su da na Satumba.